Samuwar Ƙwayoyin Maniyyi a Jikin Ɓera: Bayanin Kimiyya Cikin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nauyin da ya rataya a wuyan malamin Hausa akwai iya bayyana kowane fanni na ilimi da harshen da ɗalibansa suka tashi da shi. Malamin da aka tura makarantar firamare a Sifawa ko Dancaɗi ta ƙasar Boɗinga, ko a Kajiji ta ƙasar Shagari, zai tarar da yara 'ya'yan manoma da makiyaya, waɗanda suka san rago da bunsuru da bijimi tun kafin su san allo, kuma tambayoyinsu a kan dabbobin nan da Hausa za su zo. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kimiyya ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa. Ke nan haɗa malanta da kimiyya tsohon abu ne a wannan yanki.

Wannan babi ya ɗauki wani batu da ake ganin yana da wuyar faɗa, wato yadda ƙwayoyin maniyyi suke samuwa a jikin namiji, domin a nuna cewa Hausa tana iya ɗaukarsa ba tare da an keta alkunya ba. An zaɓi ɓera, ko kusu kamar yadda Sakkwatawa ke cewa, ya zama abin misali. Za a fara da dalilin zaɓen, sai kalmomin da za a yi aiki da su, sannan ƙirar gaɓar da matakan samuwar ƙwayoyin da lissafin kwanakinsu. Daga ƙarshe za a dubi amfanin wannan sani ga makiyayi da kuma zaman iyali.

2.0 Dalilin Zaɓen Ɓera

Bahaushe ya san ɓera a matsayin ɓarawon rumbu, har ya ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma a ɗakunan bincike matsayinsa daban ne. Tun wajen 1906 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ta fara kiwon wani farin ɓera domin gwaje-gwaje, kuma zuriyarsa ce ta bazu a jami'o'in duniya, har da na Nijeriya. Wannan ɓera ɗan uwa ne ga na rumbunanmu, ko da yake jinsinsu ba ɗaya ba ne. Yana da sauƙin kiwo, cikin macen ba ya wuce kwana 21 zuwa 23, namijin kuma yana balaga kafin ya cika wata biyu. Saboda haka abin da mai bincike zai jira shekaru kafin ya gani a jikin saniya, cikin 'yan watanni yake ganinsa a jikin ɓera.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Tsarin samuwar maniyyi iri ɗaya ne a dukkan dabbobi masu shayarwa, daga ɓera da gafiya zuwa rago da ɗan Adam, bambancin yana ga adadin kwanaki da siffar ƙwayar. Sai dai a jikin ɓera tsarin ya fito a jere, har mai duba madubin ƙara girma yana iya karanta shi kamar yadda ake karanta layukan littafi. Wani Baholande mai suna Antoni van Leeuwenhoek shi ne ya fara ba da bayanin ƙwayoyin maniyyi a 1677, amma sanin yadda suke samuwa daki-daki ya kankama ne a 1952, lokacin da Charles Leblond da Yves Clermont na Jami'ar McGill da ke Kanada suka fitar da nazarinsu a kan ɓera.

3.0 Kalmomin Aiki

Kafin a shiga bayani, wajibi ne a daidaita kalmomi. Masana harshe sun san hanyoyi uku na samar da keɓaɓɓun kalmomi: faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita, da ƙirƙira ta hanyar siffantawa, da kuma aro tare da Hausantarwa. Waɗannan hanyoyi aka bi wajen tsara littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, su ne kuma za a bi a nan.

Kalmar maniyyi ararriya ce daga Larabci, ta shigo ta hanyar karatun tsarki a makarantun zaure, don haka tana da mutuncin da za a iya faɗarta a gaban babba da yaro. Ruwan ne ake kira maniyyi, 'yan halittun da ke iyo a cikinsa kuwa su ne ƙwayoyin maniyyi. Dangane da gaɓar da ke samar da su, Hausa tana da kalmomi da dama, kamar gwaiwa da ƙwalatai da 'ya'yan maraina. Ta farko tana iya rikita ɗalibi domin ana kiran cutar kumburin wurin da ita, ta biyu kuwa tana da kaushi a kunne. Don haka aka zaɓi ɗan maraina ga tilo, 'ya'yan maraina ga jam'i, fatar da ke rataye da su kuma jakar maraina.

Sauran kalmomin su ne kamar haka. Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, tsakiyarta kuma cibiya. Zaren gado shi ne abin da masana ke kira kuromosom, wanda ke cikin cibiya yana ɗauke da kamannun da ɗa ke gada daga iyaye. Sinadarin saƙo shi ne homon, wato abin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ta umarci wata. Sunayen matakan ƙwayar kuwa uku ne: uwar iri a madadin sifamatogoniya, mai rabon gado a madadin sifamatosait, da ɗanyen iri a madadin sifamatid.

4.0 Ƙirar Ɗan Maraina

Idan aka tsaga ɗan marainan ɓera za a tarar da shi cike da siraran bututai a nannaɗe kamar taliya, kaurin kowanne bai kai rabin milimita ba. A cikin bangon waɗannan bututai ake yin dukkan aikin. Ƙwayoyin da suka fi ƙuruciya suna can gindin bango, waɗanda suka girme su suna bisansu, haka abin yake hawa-hawa har zuwa ramin tsakiya, inda waɗanda suka kammala ke faɗawa ruwa ya tafi da su.

Akwai wasu ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa zama maniyyi, amma ba a yin maniyyi sai da su. Na farko su ne ƙwayoyin raino, waɗanda wani Ba'italiye, Enrico Sertoli, ya bayyana a 1865. Dogaye ne, sun tashi daga gindin bango har zuwa ramin tsakiya, suna rungume da ƙananan ƙwayoyin suna ciyar da su. Har wa yau suna manne wa juna su yi wata katanga da ke hana jini da sojojin garkuwar jiki isa ga ƙwayoyin da suka fara sauya kama, domin in sun isa gare su za su ɗauke su baƙi su far musu. Na biyu su ne ƙwayoyin tsakani, waɗanda Bajamushe Franz Leydig ya bayyana a 1850. Suna zaune a wajen bututan, aikinsu shi ne samar da sinadarin mazantaka da ake kira testosteron.

Umarnin aikin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashinta tana aiko da sinadaran saƙo biyu ta cikin jini, ɗaya zuwa ga ƙwayoyin tsakani, ɗaya zuwa ga ƙwayoyin raino. Idan sinadarin mazantaka ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa sai ta rage saƙo, idan ya yi ƙaranci sai ta ƙara, ta haka ma'aunin yake daidaita.

5.0 Matakan Samuwar Ƙwayar Maniyyi

5.1 Matakin Yaɗuwa

Aikin yana farawa daga uwar iri da ke gindin bango. Wannan ƙwaya tana rabuwa biyu, kuma rabuwar tata tana da fuska biyu. Wani lokaci 'ya'yan su rabu sarai, kowace ta zama sabuwar uwar iri, wannan ne ya sa iri ba ya ƙarewa har tsufan dabba, tamkar manomin da ke ware irin baɗi kafin ya taɓa hatsin bana. Wani lokaci kuma su zauna a haɗe da wata siririyar gada, su ci gaba da rabuwa: biyu su zama 4, su zama 8, su zama 16. Daga nan sai a sake ninkawa sau shida a jere, har a kai 1,024. Dukkansu suna riƙe da juna ta waɗannan gadoji, shi ya sa suke girma tare kamar 'yan aji ɗaya. Wannan adadi na lissafin takarda ne, domin da yawa daga cikinsu kan mutu a hanya, ƙwayoyin raino su share gawarwakin.

5.2 Matakin Rabon Gado

Kowace ƙwayar halitta ta jikin farin ɓera tana da zaren gado 42, wato 21 daga uwa, 21 daga uba. Ta ɗan Adam tana da 46, ta tunkiya 54, ta akuya da saniya 60. Da a ce ƙwayar maniyyi za ta tafi da 42 ɗin duka ta haɗu da ƙwan mace mai 42, da ɗan ya fito da 84, jikan kuma 168, halitta ta ɓaci. Saboda haka dole a raba gadon biyu kafin tafiya.

Wannan shi ne aikin mai rabon gado. Da farko sai ta kwafi zaren gadonta, ta tsallaka katangar ƙwayoyin raino, sannan kowane zare na wajen uwa ya nemi takwaransa na wajen uba su jeru, su yi musayar wasu sassa. Wannan shiri yana cin kusan mako uku a jikin ɓera. Bayansa sai rabuwa biyu a jere cikin sauri, ƙwaya ɗaya ta haifar da huɗu, kowace da zare 21. Ta haka 1,024 suke komawa 4,096 a lissafi. Musayar da aka yi tana daga cikin dalilan da suka sa 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba su cika fitowa kama ɗaya sak ba.

5.3 Matakin Sauya Kama

Ɗanyen iri da ya fito daga rabon gado ƙwaya ce kewayayya, ba kai ba wutsiya, kuma ba za ta ƙara rabuwa ba. Abin da ya rage shi ne ƙira. Leblond da Clermont sun ƙirga matakai 19 na wannan sauyi a jikin ɓera, sun kuma gane su ne ta wani rini da ke kama hular da ke tsirowa a kan ƙwayar. Wannan hula cike take da sinadaran da za su huda rigar ƙwan mace. A lokaci guda cibiya tana matsewa ta yi tauri domin gadon ya tsira a tafiya, wutsiya tana tsirowa daga ɗaya ɓangaren, 'yan injinan da ke ba ƙwaya ƙarfi kuma suna naɗe gindin wutsiyar. Sauran kayan ciki da ba a buƙata sai a yar da su, ƙwayar raino ta haɗiye.

Kan ƙwayar maniyyin ɓera lanƙwasasshe ne kamar lauje, saɓanin na rago da na mutum waɗanda suke da ɗan faɗi. Wani abin mamaki kuma, tsawonta ya ninka na ɗan Adam kusan sau uku, abin da ke nuna cewa girman dabba ba shi ne ma'aunin girman ƙwayarta ba. Idan ƙira ta kammala sai ƙwayar raino ta sake ta cikin ramin tsakiya. A wannan lokaci ba ta iya iyo ba tukuna. Sai ta shiga wani dogon bututu da ke manne a bayan ɗan maraina, wanda za a kira ma'ajiyar iri, ta yi mako guda da 'yan kwanaki tana nuna, sannan ta sami ikon motsi da na haɗuwa da ƙwai.

6.0 Zagaye da Lissafin Kwanaki

Babban abin da binciken 1952 ya gano shi ne cewa ƙwayoyin ba sa zama a bango kara-zube. Idan aka yanka bututu aka duba, wasu nau'o'i ne kullum ake samu tare, kuma irin wannan haɗuwa guda 14 ce a jikin ɓera, suna bin juna a jere, in an kai ta 14 sai a koma ta farko. Wannan shi ake kira zagaye. Bincike na baya ya nuna cewa zagaye ɗaya yana cin kusan kwana 13, kuma ƙwaya tana buƙatar zagaye huɗu kafin ta kammala, wato kimanin kwana 52.

Malami zai fi saurin fahimtar da wannan idan ya kwatanta shi da makaranta mai aji huɗu, wadda zangon karatunta kwana 13 ne. Duk ƙarshen zango ana yaye 'yan aji huɗu, 'yan aji uku su maye gurbinsu, haka har zuwa ƙasa, a kuma ɗauki sabbin 'yan aji ɗaya. Kowane ɗalibi kwana 52 yake yi, amma yayewa duk kwana 13 ake yi. To, me ya sa dabba ba ta jiran kwana 13 kafin ta sami sabon iri? Amsar ita ce, sassan bututun ba rana ɗaya suke buɗe zango ba. A ƙaddara makarantu ne jere a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga zuwa Shagari, kowace tana yaye ɗalibanta jim kaɗan bayan maƙwabciyarta. Babu ranar da za ta wuce ba a yi yaye a wata ba. Shi ya sa giram ɗaya na ɗan marainan ɓera yake fitar da ƙwayoyi sama da miliyan 20 a kowace rana, alhali na ɗan Adam bai wuce miliyan 4 zuwa 6 ba.

Kowace dabba da nata agogon. A jikin rago da bunsuru zagaye ɗaya kwana 10 ne da 'yan sa'o'i, aikin duka kuma kimanin kwana 47 zuwa 49. A jikin bijimi zagaye kwana 13 da rabi ne, aikin duka kimanin kwana 61. A jikin mutum zagaye kwana 16 ne, aikin duka kimanin kwana 74. Abinci ko magani ba sa hanzarta wannan agogo, iyakarsu su ƙara yawan ƙwayoyin da ke tsira ko su rage shi. An tabbatar da haka ta wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, inda Ralph Brinster da abokan aikinsa suka ƙware wajen dashen uwar iri tun 1994. A 1996 suka dasa uwar irin babban ɓera a jikin wani ƙaramin jinsi wanda zagayensa bai kai kwana 9 ba, ta kuwa yi maniyyi. Nazarin da ya biyo baya a 1998 ya nuna cewa baƙin ƙwayoyin sun ci gaba da bin kwana 13 ɗinsu na gado, ba su bi agogon mai masauki ba.

7.0 Amfanin Wannan Sani ga Makiyayi

Ƙasar Boɗinga da Shagari ƙasar kiwo ce, inda jar akuyar Sakkwato da tumaki Uda da shanu Gudali suke cikin dukiyar gida. Abubuwa da dama da makiyayi ya sani ta hanyar gogewa, bayanin da ya gabata yana fito da dalilansu.

Na farko shi ne zafi. Samuwar maniyyi tana buƙatar wurin da bai kai cikin jiki zafi ba, da bambancin digiri kaɗan, wannan ne hikimar rataye 'ya'yan maraina a waje. Dabbar da nata suka maƙale a ciki ba su sauko ba tana iya nuna sha'awar barbara, domin ƙwayoyin tsakani suna jure zafi, amma ba ta bayar da ciki. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, saboda haka ragon da aka ɗaure a rana ko wanda zazzaɓi ya kama yana iya rasa masu rabon gado da ɗanyen iri masu yawa. Illar ba ta bayyana nan take, domin waɗanda ke ma'ajiya suna nan, sai bayan mako biyu ko uku. Warkewa kuma sai sabbin 'yan aji sun kammala, wato kusan wata biyu idan aka haɗa da kwanakin nuna. Mai rago bai kamata ya yi gaggawar kai shi kasuwa don ya gaza a wata guda ba. Haka nan cutar sammore tana lalata bututan, kamar yadda binciken likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya nuna a kan raguna da bijimai.

Na biyu shi ne abinci. A 1922 aka gano bitamin E ta hanyar nazarin rashin haihuwar ɓeraye, an kuma tabbatar cewa ɓeran da aka hana bitamin A aikin bututansa yana tsayawa cik, in an mayar masa ya ci gaba. Ɗanyar ciyawa ita ce tushen wannan bitamin ga dabba, ita ce kuma ke ƙaranci a ƙarshen rani. Tun da aikin wata biyu yake ci, kyautata abincin ragon barbara ya kamata ya fara wata biyu kafin lokacin da ake buƙatarsa. Bugu da ƙari, ƙwayoyin raino suna daina yaɗuwa tun dabba tana ƙarama, a jikin ɓera tun yana da kimanin mako biyu, kuma kowace tana da iyakar abin da za ta iya goyawa. Ɗan ragon da ya sha yunwa a ƙuruciya yana iya tashi da ƙarancinsu har abada. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke auna kewayen jakar maraina idan za su zaɓi na barbara.

Na uku shi ne angurya, wadda masu turka suke ba raguna domin ƙiba. Tana ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol da ke cutar da ƙwayoyin maniyyi, har ma a shekarun 1970 an gwada shi a ƙasar Sin a kan dubban maza a matsayin maganin tazarar haihuwa, kafin a yi watsi da shi saboda illolinsa. Tumbin dabba mai tuƙa yana rage dafinsa, amma idan ya yi yawa kuma aka daɗe ana bayarwa yana taɓa iri. Abincin ragon layya daban, na ragon barbara daban.

Na huɗu shi ne dandaƙa da fiɗiya. A dandaƙa ana murƙushe jijiyoyin da ke kai jini, sai gaɓar ta shanye, a fiɗiya kuwa cire ta ake yi. A duka biyun ana rasa iri da sinadarin mazantaka tare, shi ya sa taure yake rage wari da faɗa, ya kuma yi kitse. Sai dai ragowar ƙwayoyin da suka riga suka wuce suna iya zama a hanya na 'yan makonni, don haka ya kamata a ware shi daga awaki na ɗan lokaci.

8.0 Darasi ga Zaman Iyali

Abin da aka koya daga ɓera ya shafi mutum kai tsaye. A 1961 masu bincike a Amurka suka buga cewa wani maganin ƙwarin gona mai suna DBCP yana shanye 'ya'yan marainan ɓeraye. Ba a ɗauki gargaɗin da muhimmanci ba, sai a 1977 aka gano cewa ma'aikata da dama a wata masana'antar haɗa shi a Kalifoniya sun rasa ƙwayoyin maniyyi. Wannan izina ce ga matasan da ke feshin magani a fadamu da gonakin rani, irin waɗanda ke kewayen madatsar ruwa ta Shagari, ba tare da safar hannu ko abin rufe hanci ba.

Akwai kuma al'amura biyu da ake yawan ɗora wa mata laifinsu. Na farko shi ne haihuwar 'ya'ya mata. Daga cikin zaren gado akwai biyu masu tantance jinsi, waɗanda ake yi wa alama da X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ƙwayoyin namiji kuwa a matakin rabon gado suke kasuwa, rabi X rabi Y. Wadda ta riga isa ita ke tantance jinsin ɗa, kuma babu zaɓin miji ko mata a ciki. Na biyu shi ne rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida na manya yakan fuskanci wannan matsala a rayuwarsa, likitoci kuma sun tabbatar cewa ɓangaren namiji yana da hannu a kusan rabin irin waɗannan matsaloli. Kamar yadda aka gani a sama, ƙarfin mazantaka aikin ƙwayoyin tsakani ne, iri kuwa aikin bututai ne, ɗaya yana iya zama lafiya lau alhali ɗayan ya samu matsala. Adalci shi ne miji da mata su je asibiti tare kafin a kai ga gori ko saki.

Malamin da zai gabatar da wannan darasi ya kamata ya fara daga dabbobin da yara suka sani, ya yi amfani da zane a allo, ya tsaya a kan kalmomin da aka zaɓa ba tare da wasa ko habaici ba, ya kuma auna zurfin bayani da shekarun ɗalibai. Idan ya buƙaci ƙarin haske, Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma suna kusa.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙwayar maniyyin ɓera tana bin matakai uku, wato yaɗuwa da rabon gado da sauya kama, a cikin bangon siraran bututai, ƙarƙashin kulawar ƙwayoyin raino da sinadarin da ƙwayoyin tsakani ke samarwa. An ga cewa aikin yana tafiya cikin zagaye mai kwana 13, ya kammala cikin kimanin kwana 52, kuma kowace dabba da nata adadin. An kuma ga yadda wannan lissafi yake yi wa makiyayi jagora wajen ciyarwa da kariya daga zafi, da yadda yake gyara wasu zarge-zarge a zaman aure. Dukkan bayanin an yi shi ne da kalmomin Hausa na asali da ƙirƙirarru da 'yan ararru, kuma ɗalibi yana iya bin wannan hanya a kowane darasi na kimiyya da ya zo gabansa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyu da suka sa masana suka zaɓi ɓera wajen nazarin samuwar maniyyi.
2. Bayyana bambancin aikin ƙwayoyin raino da na ƙwayoyin tsakani.
3. Me zai faru da a ce babu matakin rabon gado? Yi lissafin da zaren gadon akuya.
4. Ragon wani makiyayi ya yi zazzaɓi a farkon Afrilu. A wane wata ake sa ran irinsa zai koma daidai? Kafa hujja.
5. Ware kalmomin aikin da ke cikin wannan babi zuwa gida uku: faɗaɗa ma'ana, da ƙirƙira, da aro. Kawo taka kalmar a madadin guda biyu daga cikinsu, tare da dalili.